Waya ta cinye tsakanin Magariba da Isha'i

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan yadda wayar salula ke cinye lokutan da muka saba ware wa ibada da tarbiyya.

Iyayenmu sun sha sauraron tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna, gida guda a kewaye da rediyo ɗaya. Shirin yana da lokacinsa, in ya ƙare a kashe akwati. TikTok kuwa ba ya ƙarewa. Bayan Magariba, lokacin da yara ke biya allo a zaure, yanzu kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Har a Tarawihi sai ka ga matashi yana sallame raka'a biyu ya zaro waya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa'azin ma ya koma guntun bidiyo. A yanko inda malam ya ba da dariya ko ya caccaki wani malami, a watsar da karatun.

Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya hukunta ɗan fim, amma hannunta ba ya kaiwa ɗakin yaro da tsakar dare. Ina kira ga limamai su sa wannan batu a huɗuba, iyaye kuma su riƙa karɓe wayoyin yara daga Magariba har a idar da Isha'i.

Naku,
Mai karatu daga Zariya