Babana, maganar kekenka da hazon bana

Assalamu alaikum Babana, ya gida ya iyali, ya sanyi? Ina fata kai da maiɗakinka da 'yar jaririya duk kuna lafiya. Mu nan Ƙaura sai godiyar Allah, sai dai hazo da ya rufe mu tun ranar Talata, ko hasumiyar masallacin Juma'a ba a hangowa daga ƙofar gida, rana ma ta fito fara fat kamar wata, kana kallonta ido da ido ba ta kashe maka ido.

Na so in kira ka amma na san halinka a waya, da na fara za ka ce to Baba, in sha Allahu Baba, shi ke nan magana ta mutu. Shi ya sa na zauna na rubuta don ka karanta a natse. Jiya da kuna waya da innarka ina gefe ina jin tarin da kake yi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, wanga busasshen tari mai kankare maƙogwaro, ta tambaye ka ka ce mura ce kawai. Ni na san tarin nan Babana, shekara 19 na yi ina taka kekena Raleigh zuwa makarantar da nake koyarwa, rani da damina, kuma lokacin ba wanda ya taɓa ce mana ƙura na da wata illa da ta wuce kaushi da faso. In na isa makaranta sai in kaɗe gira da gashin ido da suka yi fari, in yi kaki ya fito ja-ja kalar ƙasa, in shiga aji. Yanzu ga ni, duk hunturu sai ƙirjina ya riƙe, kai shaida ne dare nawa na kwana a zaune da matashi a baya. Ba na so ka gaji wannan daga wajena.

Kada ka ɗauka cewa zan yi ka jingine keke, a'a. Ranar da ka turo mini hotonsa wallahi na ji daɗi har raina, don tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake 1000, mai ƙaramin albashi in bai yi dabara ba kuɗin kabu-kabu kaɗai sai ya cinye shi. Kuma keke lafiya ne ga zuciya da gwiwa, yawancin kwanakin shekara amfanin da kake samu ya fi cutar iskar da kake shaƙa nesa ba kusa ba. Maganata kan waɗannan watannin ne, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, kuma a cikinsu ma ba kullum ba.

Bari in koma malamin kimiyya na ɗan lokaci, ka yi haƙuri. Mutum in yana zaune yana shaƙar iska kamar lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. Da ka hau keke ka fara taka feda da ƙarfi, musamman in hawa ne ko iska na tunkuɗo ka ta gaba, abin sai ya ninka sau biyar ko fiye, kuma ba ka sani ba bakinka ya buɗe. To hanci Allah ya yi masa gashi da majina don tace iska da jiƙa ta, baki kuwa ƙofa ce a buɗe, abin da ya shiga ya wuce kai tsaye. Ka ga kenan kai da mai shagon da ke zaune bakin titi iska ɗaya kuke ciki amma ba kaso ɗaya kuke ɗauka ba. Kuskuren da na yi shekara da shekaru shi ne in na ga ƙura sai in ƙara wuta wai in yi sauri in fita daga cikinta, ashe lokacin ne nake zuƙarta har ƙasan huhu. Don Allah ranar hazo ka fita da wuri da minti 10 ko 15, ka taka a hankali yadda bakinka zai zauna a rufe, in ka ji ka fara haki to ka wuce ƙima, ka sassauta, in hawa ne ma ka sauka ka tura ba abin kunya ba ne.

Ita ƙurar hunturun nan ba ta unguwa ba ce da za a ce a yayyafa ruwa ta kwanta. Mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele, inda tafkin Chadi ya taɓa mamayewa dubban shekaru da suka wuce kafin ya janye ya bar busasshen laka mai laushi kamar gari, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta biyo ta Nijar ta sauke mana, wata ma har ta tsallake teku ta kai Kudancin Amurka. Abin da ya iya wannan tafiya a sama ka san ba nauyi gare shi ba. Wadda kake gani ta kwanta kan sirdi kana sharewa da hannu ita ce mai girman, hanci na kama da yawa daga cikinta. Mugun shi ne wanda ido bai gani, masana na ce masa PM2.5, sai ka jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya, shi ke shiga can cikin huhu wani har ya ratsa cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2021 ta ce kada ya wuce maikrogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin yini guda, mu kuwa ranar hazo mai kauri mukan ninka wannan sau da yawa.

Sannan ga namu na cikin gari da muke ƙarawa da hannunmu, kuma ni shi ya fi damuna da lokacin fitarka. Ka lura da asuba in ana sanyi hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake yi kan gari kamar an shimfiɗa bargo, saboda iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi ba ta iya ɗagawa sai rana ta ɗumama ƙasa. To lokacin ne kowa ya hura wuta, masu shayi, masu ƙosai, masu jin ɗumi da ke ƙona kwali da leda har da tsohuwar taya, ga bola da aka cinna wa wuta tun dare tana ci a hankali, ga janareto. Kai kuma ƙarfe bakwai saura kana tsakiyar wannan. Haka ma daf da magariba in an dawo daga kasuwa. In wajen aikinku za su yarda ka riƙa shiga takwas da rabi ko tara a watannin nan ka rama da yamma, ka nemi alfarmar, ba roƙon banza ba ne. Na san hazon sama shi yini yake ba ruwansa da agogo, amma ko hayaƙin ka rage ka rage wani abu.

Hanya ma ka duba. Na san daga Tudun Wada a nan Gusau ɗinku babban titi ya fi maka sauƙi, amma nan ne tireloli da tifofi masu zuwa Sakkwato da Funtuwa ke bi, kuma mai keke kansa daidai yake da hayaƙin da suke fesowa. Kada ka kuskura ka laɓe bayan babbar mota wai tana kare maka iska, samari na yin haka ina gani, baƙin hayaƙin gas ɗin nan ya fi ƙurar sharri. In an tsaya a shataletale ko go-sulo kada ka tsaya daidai salansa, ka matsa gefen da iska ke fitowa ko ka bari su yi gaba. Lungu kuma ba kowane ba, wanda ba kwalta in mashin biyu suka wuce ka sai ka rasa gabanka, gara titin cikin unguwa mai kwalta ko da ya ɗan fi nisa. Ban ce ka zagaya ta bayan gari ba fa, ka san halin da muke ciki a jihar nan, cikin mutane za ka bi.

Maganar takunkumi kuwa, innarka ta ce ka ce abokan aikinka na tsokanarka wai korona ta wuce kai ba ka sani ba. Babana su yi ta yi, ba su za su kwana suna tari a madadinka ba. Amma ka sa na kirki. Wanga shuɗin na asibiti gefensa a buɗe yake iska na zagayawa ta shiga, ƙyalle ko rawani kuma manyan ƙwayoyin kawai yake tarewa, ya fi babu amma ba shi ne ba. Wanda ake ce wa N95 ko KN95 shi aka yi don wannan, in ya zauna daram a fuska yana tare kashi 95 cikin 100 na ƙananan. Zaman shi ne magana, ka matse ƙarfen kan hanci da yatsu biyu, ka hura ka ji, in iska na fita ta gefen ido ko ta wajen gemu to bai kama ba, kuma da gemunka ɗin nan sai ka ja igiyar sosai, duk da haka ba zai rufe ruf ba, shi ya sa ba zai zama hujjar yin gudu ba. In ya jiƙe da gumi ko ya yi dauɗa numfashi ya fara wuya ka canza, ba a wanke shi. Ka duba gabansa bayan kwana uku ka ga kalar da zai koma, wannan duk da cikinka za shi.

Ka tuna lokacin kana firamare ranar Asabar da muke juya kekena a tsakar gida, kai ka riƙe gwangwanin kalanzir ni ina goge sarƙa da tsohon buroshi? Kana tambayata me ya sa man da muka sa fari-fari satin da ya wuce ya koma baƙin tuwo mai ƙasa-ƙasa, na ce maka ƙura ce ta haɗu da mai take cin haƙoran sarƙar a hankali. Duk hunturu sai na sayi sabuwa wajen mai faci. Ita sarƙa ana cirewa a sa wata Babana, abin da ke ƙirjinka kuwa da shi za ka tsufa.

Akwai ranar da ba dabarar da za ta yi, sai a jingine keken kawai. Ka riƙa sauraren sanarwar hukumar hasashen yanayi NiMet a rediyo ko ka duba shafinsu, in suka ce hazo mai kauri da ba a ganin abin da ya wuce mita 1000, irin ranar da jirage ke fasa sauka, to ranar ba ta keke ba ce. Ko ba sanarwa ka samu wani abu da ka saba hangowa daga ƙofar gidanka, ƙarfen sabis ko tankin ruwa mai nisan kamar kilomita ɗaya, ranar da ka fito ba ka gan shi ba ka mayar da keken zaure. Wayarka ma na nuna lambar AQI, wato ma'aunin gurɓacewar iska, a wajen yanayi, in ta haura 150 iskar ba ta da kyau ga kowa, in ta wuce 200 kada ma ka tsaya shawara. Na sani a kan kabu-kabu ma iskar ce dai, amma kana zaune ba haki kuma minti kaɗan ka isa. Ga kuma haɗarin da ba na huhu ba, direba ba ya hango mai keke cikin hazo sai ya zo daf, don haka ko ranar da hazon bai yi kauri ba ka sa riga mai haske ka kunna fitila gaba da baya, ka tabbatar birki na ci.

In ka dawo gida kada ka ɗauki yarinyar nan sai ka cire rigar ka kaɗe ta a waje, ka wanke fuska da hannu, ka shaƙa ruwa ka fyace kamar na alwala. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin ƙurar da ke bin tufafi ta shiga ɗaki ba, mun ga abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga garin dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Wancan guba ce daban ba irin ta hunturu ba, amma tun lokacin na daina raina abin da uba ke shigowa da shi a jikin riga, huhun jariri bai gama ƙwari ba. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi, sanyi na ɓoye ƙishirwa, ka ɗan shafa man kaɗanya a bakin hanci kada ya tsage, don busasshen hanci da maƙogwaro su ke buɗe wa sanƙarau ƙofa, ka tuna yadda ya yi mana a 2017. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Tarin nan kuma innarka ta ƙirga ta ce ya kai kwana goma. In ya cika sati biyu, ko ka ji ƙirji na kuka kamar usur da dare, ko ka ga jini a kaki, ka tafi asibitin tarayya na FMC ko asibitin Yariman Bakura a auna ka, gwajin tarin fuka (tibi) kyauta ne, kada ka tsaya kemis ana haɗa maka ƙwayoyi. Ni dai so na ka je tun gobe, kuma har ya warke kada ka hau keken.

Na tura maka dubu goma ta asusunka yanzu, na kabu-kabu ne na ranakun hazo, kada ka sa su a cefane kuma kada ka dawo mini da su. Ƙanenka zai shigo Gusau ranar Alhamis in hanya ta yi kyau, innarka ta ba shi zuma da citta da man kaɗanya ya kawo maka. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan amaryata, kuma in ka dawo daga asibitin ka kira ni da kanka in ji abin da likita ya ce. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka