Zuwa ga Yaya, daga Bronx

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kowa lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Kuɗin da na turo ranar Juma'a na san sun shigo hannunka. Ka raba su uku: kashi ɗaya na maganin Inna, kashi ɗaya na kwanon ɗakinta kafin ruwa ya sauka, sauran na makarantar yara. Auta kuwa kada ka ba shi ko sisi, ko ya zo da kansa ko ya turo Gwaggo ta roƙa masa.

Labari ya iso ni cewa gari ya ɗauka wai na zama direban jirgin ƙasa a Amurka, wasu ma sun ƙara gishiri sun ce ina da hannun jari a kamfanin. Duk daga hoton nan da na turo wa yara, ina tsaye gaban koren kan jirgi. An kuma ce Auta ya je ya karɓi babur bashi da sunana, wai ɗan'uwansa mai jirgi zai biya. Yaya, kana gidan aka yi haka?

To ga gaskiyar maganar, ka karanta wa duk wanda ya tambaya. Ni ɗan dako ne a wani wurin sayar da katako a Queens, wani yanki na birnin New York. Jirgin yana kawo mana tarago, ya ajiye a ɗan reshen dogon da ya shigo bayan shagonmu, ni da abokan aikina mu sauke da motar ɗaga kaya. Iyakacin haɗina da jirgin ke nan. Direbansa ma ɗaga hannu kawai muke yi wa juna.

Kamfanin jirgin sunansa New York & Atlantic, kuma a cikin kamfanonin reluwen ƙasar nan ƙarami ne. Ko dogon da yake bi ba nasa ba ne, na Long Island Rail Road ne, jirgin fasinja na gwamnati. A 1997 suka ga jigilar kaya ba ta yi musu, suka miƙa ta ga wannan kamfani bisa yarjejeniya. Shi ya sa fasinja ke da hanya, mai kaya sai ya jira a rage zirga-zirga, sau da yawa cikin dare yake fitowa. Mu zo da safe mu tarar da tarago yana jiranmu. Wani dattijo da muke aiki tare ya ce irin waɗannan ƙananan kamfanoni sun yawaita ne bayan dokar 1980, wadda ta sauƙaƙa wa manyan reluwe sayar da rassan da ba sa kawo riba. Yanzu sun kai wajen 600 a ƙasar. Babban jirgi ya jawo kaya daga nesa ya ajiye a filinsu na Fresh Pond, su kuma su rarraba ƙofa-ƙofa: katako, fulawa, shinkafa, tsakuwa, har da giya, wadda alhamdulillahi ba ta biyo ta wurinmu. In zai koma kuma, ka san me yake kwasa? Shara da ɓaraguzan gini. Ka gaya wa masu cewa jirgina ne.

Amma fa kada ka raina shi. Tarago ɗaya yana ɗaukar kayan tirela uku zuwa huɗu, kuma ni nake sauke shi tas ba tare da na fasa ɗauri ko ɗaya ba. Da Baba yana raye da shi zan fi ba wa wannan labari. Ka tuna yadda yake zama ya lissafa mana buhunan gyaɗar da suke lodawa a tashar Nguru, inda dogo ya ƙare? Ya sha cewa garin da jirgi ya daina zuwa, kasuwarsa ce ke fara mutuwa. Nan ma reshe ne irin wancan, sai dai su ba su bar nasu ya mutu ba. Ban samu jana'izarsa ba, Yaya, kuma har yau in na ji ƙarar taragai suna haɗuwa sai abin ya taso mini.

Akwai wani abu da na gani a Brooklyn, wani yankin birnin nan, wanda in ba da idona ba da ban yarda ba. Jirgin ƙasa ne ke hawa jirgin ruwa. Babu gada ko hanyar ƙarƙashin ruwa da jirgin kaya ke bi ya tsallake kogin Hudson a birnin nan. Wurin tsallakewa mafi kusa yana can arewa wajen Albany, kimanin mil 140, a je a dawo an zagaya banza. To sai a tura taragai kan wani faffaɗan jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen dogo a bayansa, wani ƙaramin jirgin ya tura shi mil 4 tsakanin Jersey City da ke tsallaken ruwa da bakin titi na 65 a Brooklyn. Da can irinsu sun cika gaɓar New York, yanzu wannan kaɗai ya rage, kuma hukumar tashar ruwa ce ta saye shi a 2008. Ka ba yara wannan labarin maimakon na ƙarya.

Ni lafiyata lau. Sanyi ya ɗan taɓa mini baya, ba wani abu ba ne, kada Inna ta ji. Mu huɗu ne a ɗaki, ɗaya ɗan Damagaram, biyu 'yan zangon Kumasi, muna tuƙa tuwo ranar Lahadi. Haya ce ke cinye rabin abin da nake samu, ga kuɗin jirgin da nake shiga tun kafin asuba. Abin da kuke gani yana zuwa, daga adashi nake cire shi.

Saboda haka a mayar da babur ɗin nan ga mai shi tun bai lalace ba. Ka je da Kawu, ku ba mutumin haƙuri, ku gaya masa ban san da maganar ba kuma ba zan biya ba. In Auta yana son sana'a, ya koma wajen walda ya ƙarasa koyo, in ya gama ni zan saya masa inji da yardar Allah. Ba ƙinsa nake ba, ni na goye shi. Amma kuɗin nan na Inna ne da kwano da makaranta.

In an sayi kwanon ka turo mini hoton rasit da na ɗakin. Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida matarka da yara, da Kawu, da Gwaggo duk da haka. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, Auta ya kasance yana kusa.

Ƙaninka.