Jiragen yaƙi 24 daga Italiya: nawa za su riƙa tashi bayan shekara goma?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan cinikin jiragen yaƙi samfurin M-346FA guda 24 da Najeriya ta ƙulla da kamfanin Leonardo na Italiya, cinikin da aka ce ya kai kusan Yuro biliyan 1.2. A watan Oktoban 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ciyo bashin dala miliyan 618 don biyan kuɗin shida daga ciki da harsasansu. Tun daga lokacin, duk sanda maganar ta taso a majalisarmu ta bayan Isha'i a Agege, baki kan rabu biyu. Matasa su ce an raina mu: Masar na da Rafale da F-16, Aljeriya da Uganda na da Sukhoi, mu kuma Giwar Afirka mun ɓige da sayen jirgin koyon tuƙi da aka rataya wa bama-bamai. Dattawa su ce ana fama da kuɗin shinkafa da na haya, wa ke ta jirgi?

Ni ban bi ko ɗaya ba. A ganina zaɓin jirgin bai yi laifi ba. Ɗan bindigar dajin Zamfara da ɗan Boko Haram na tsibiran Tafkin Chadi ba su da jirgin da za a yi artabu da shi a sama. Abin da yaƙinmu ke so shi ne jirgin da zai daɗe yana shawagi a kan daji, ya ga abin da ke ƙasa sarai, ya kai hari inda aka nufa, kuma kuɗin tashinsa na awa guda bai karya baitulmali ba. Da Super Tucano suka iso a 2021 an yi ta yi musu dariya wai masu farfela ne kamar na zamanin Turawa, alhali don irin wannan yaƙin sunƙuru aka ƙera su. Alpha Jet ɗin da M-346 zai gada kuwa, tun farkon shekarun 1980 muke mora. Sun je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma, sun je Senegal a 2017 lokacin da Yahya Jammeh na Gambiya ya ƙi sauka, suka dawo suka ci gaba da aiki a Borno. Jirgin da ya girmi matuƙinsa ya cancanci hutu.

Damuwata ita ce abin da ke biyo bayan ranar da aka yanka kintinkiri aka tafa.

A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi odar jiragen Jaguar 18 daga Birtaniya, suka fara isowa a 1984. A lokacin ba ƙaramin jirgi ba ne, sojojin saman Ingila da Faransa ma da shi suke aiki. Kafin su cika shekara goma a hannunmu sun kwanta, saboda babu kuɗin kula da su. Aka jera su a Makurɗi, rana ta doke su, ruwa ya doke su, ba su sake tashi ba. Ba maƙiyi ne ya harbo su ba. Indiya da ta sayi irinsu kafin mu ta mori nata shekara da shekaru, don ta koyi haɗa su da gyara su a gida. MiG-21 da muka saya daga Tarayyar Sobiyet a tsakiyar shekarun 1970 su ma haka suka ƙare. Da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba mana takunkumin makamai a 1995, bayan rataye Ken Saro-Wiwa, sai ragowar jiragen da ke numfashi suka shiga uku.

Mu mazauna Legas ba a littafi muka karanta abin da lalacewar jirgi ke jawowa ba. Ranar 26 ga Satumban 1992 jirgin soja C-130 ya tashi daga Ikeja zai nufi Kaduna, ɗauke da hafsoshi, yawancinsu masu muƙamin Manjo da takwarorinsu da ke kwas a Jaji. Mintuna kaɗan da tashi injunansa suka mutu, ya rikito cikin fadamar Ejigbo. Mutum sama da 150 suka rasu, ba wanda ya fita. Fadamar ta shanye jirgin har ta kai da ƙyar aka iya zaro gawarwaki, aka kwana ana jiran kayan aikin ceto a birnin da ya fi kowane birni a ƙasar nan injuna. Duk wanda ya kai shekaruna a unguwannin nan yana tuna yadda gari ya yi tsit. Ƙasa ta yi asarar sahu guda na hafsoshin da aka kashe wa kuɗi aka horar, matansu kuma suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu daga ofis zuwa ofis. Allah ya ji ƙan Musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri.

In an ce wannan tsohon zance ne, to a dubi 2021 kaɗai. A Fabrairu jirgin sojin sama samfurin King Air ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja da mutum bakwai. A ƙarshen Maris Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu. Ranar 21 ga Mayu wani King Air ɗin ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma. A Yuli 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya diro da laima, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ban ce duk rashin gyara ne ya jawo su ba, kowanne da sanadinsa. Amma jama'ar da aka sayi jiragen da kuɗinsu suna da haƙƙin a buga musu cikakken rahoton kowane bincike su karanta, ba 'yar sanarwa ba.

Sana'ata kula da tireloli ce, masu ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Arewa, kuma a nan na ga abin da nake jin tsoro. Mai motocin da ya tara Mack biyu, DAF uku, Iveco ɗaya da Howo huɗu, in ka gan su a jere a gareji sai ka ce ya fi kowa arziki. Amma bakaniken wannan bai san cikin waccan ba, kayan gyaran ɗaya ba ya shiga ɗaya, kowace da dilan da za a bi a kasuwar kayan gyara ta Ladipo. Ranar da famfon mai ya lalace aka rasa, sai a kwance na wadda ke jiran taya a ɗaura, da niyyar za a mayar in kaya sun iso. Ba a mayarwa. Wata shida sai ka tarar da ita a kan duwatsu, an cire fitilu, an cire giya, kaji na ƙwai a gidan direba. A takarda motoci goma ne, a kan hanya huɗu.

To dubi rundunar sojin samanmu. Alpha Jet na Jamus da Faransa, L-39 na Czech, F-7 na China, JF-17 guda uku na Pakistan da China da aka ƙaddamar a Makurɗi a Mayun 2021, Super Tucano 12 ƙirar Brazil da aka haɗa a Amurka, masu saukar ungulu Mi-35 na Rasha, T129 na Turkiyya, AW109 na Italiya, ga AH-1Z 12 da Amurka ta amince ta sayar mana a 2022 kan kusan dala biliyan ɗaya, ga marasa matuƙi na China. Kowanne da makarantar matuƙansa, da injiniyoyinsa, da littattafan gyaransa, da irin makamin da yake ɗauka. Jirgi uku rak na samfuri guda, in ɗaya na babban gyara ɗaya na jiran kaya, me ya rage?

Na san dalilin da ya sa aka warwatsu haka, kuma dalili ne mai ƙarfi. A 2014, lokacin da Boko Haram ke kama garuruwa tana kafa tuta, Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da masu saukar ungulu na Cobra ƙirar Amurka. A shekarar ce aka kama dala miliyan 9.3 tsaba a cikin jirgi a Afirka ta Kudu, kuɗin da aka ce na sayen makamai ne, muka sha kunya a idon duniya. Wanda aka taɓa rufe wa ƙofa irin haka dole ya nemi ƙofofi da yawa. Sai dai a leƙa cikin jiragen. Injin M-346 na kamfanin Honeywell ne na Amurka. Injin T129 ma da hannun Amurka a ciki, shi ya sa cinikin da Pakistan ta ƙulla da Turkiyya na irinsa ya cije, don Washington ta ƙi ba da izinin fitar da injin. JF-17 kuwa injinsa na Rasha ne, ƙasar da yaƙin Ukraine ya sha wa kai. Ashe mun sayi jirgi a Italiya, amma makullinsa na wani wuri. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mafitar da nake gani tana nan kusa da mu, a Ikeja, inda Rundunar Kula da Kayan Aiki ta sojin sama take da hedikwata da babbar ma'aikatar gyaran jirage. A 'yan shekarun nan an yi wa C-130 babban gyara a nan gida, injiniyoyinmu na aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun waje, maimakon a kai shi Turai ya shekara. Haka wasu Alpha Jet na hannu da aka sayo daga Amurka ba makami, yaranmu ne suka ɗaura musu. A Kaduna akwai cibiyar fasaha ta sojin sama, AFIT, kuma a garin ne aka ƙaddamar da maras matuƙi Tsaigumi a 2018. Basira akwai ta. Abin da babu shi ne kuɗin da ke zuwa kan kari kowace shekara, da albashin da zai hana injiniyan da aka horar shekara goma ajiye kaki ya koma kamfanin jiragen fasinja a ƙetaren titi, ko ya wuce Dubai. Ba a ɗaukar hoton minista a gaban akwatin kusoshi, shi ya sa kason gyara ke zama na farko da ake yanka in kasafi ya matse.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, musamman gare mu da iyayenmu ke ƙauyukan da jiragen nan ke shawagi a kansu. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Kala-Balge ta jihar Borno, ya kashe mutane da yawa har da ma'aikatan agaji. Da aka yi bincike, hukumar tsaro ta ce wurin ba a sa masa alama a taswirar da ake aiki da ita ba. Taswira, Malam Edita! Ba tsufan jirgi ba, ba ƙarancin bam ba. A Janairun 2023 makiyaya ne a Doma ta jihar Nasarawa. Ranar 3 ga Disamban 2023 masu Maulidi ne a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla 85 a ƙidayar hukuma, kuma wannan karon maras matuƙi ne na sojin ƙasa, wanda ya nuna kowace runduna na tashin nata a sama guda. A Disamban 2024 aka sake ji a Silame ta jihar Sakkwato. Sabon jirgi zai kai bam daidai inda aka nuna masa fiye da tsoho. In wanda ya nuna ya kasa bambance taron biki da sansanin 'yan bindiga, ingancin jirgin sai ya ƙara yawan gawa. Mai haɗa bayanan sirri da ya san yankin, da sojan ƙasa mai rediyon da ke magana kai tsaye da matuƙi, da doka mai hukunta wanda ya yi sakaci, duk ba su kai kuɗin fiffike ɗaya ba. Bayan kowane kuskure kuma, ƙauye guda ne ke daina ba soja labari.

Nan Legas in irin wannan labari ya fito, wayoyi ne ke ta ƙara a Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, mai sayar da tumatir da ɗan acaba kowa na neman layin gida. Abokan zamanmu Yarbawa su yi mana jaje, washegari jaridu su koma kan wani batu.

Saura maganar kuɗi. A 2018 aka cire dala miliyan 496 daga asusun rarar mai aka biya kuɗin Super Tucano kafin Majalisar Dokoki ta amince, aka yi ta hayaniya, jiragen ba su iso ba sai bayan shekara uku. Badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai kuwa ta kai manyan hafsoshi gaban kotu, har da tsofaffin shugabannin sojin sama. Duk wanda ya tambayi yadda aka kashe kuɗin tsaro sai a ce masa sirri ne. Inda jirgi zai kai hari gobe sirri ne, na yarda. Amma kuɗin da za mu biya da ruwa, mu da 'ya'yanmu, ba sirri ba ne.

Don haka roƙona gare ka, ka tura wakilinka wurin kwamitocin sojin sama na Majalisar Dattawa da ta Wakilai da tambayoyin da ba a cika yi ba. Shekara nawa na kayan gyara ke cikin kwangilar M-346, kuma a ina za a riƙa yi musu babban gyara, a Najeriya ko a Italiya? Injiniyoyi nawa aka tura horo tare da matuƙan? Cikin F-7 guda 15 da aka yi oda daga China a 2005, nawa ke iya tashi yau? A kuma je Rann da Tudun Biri a tambayi waɗanda suka rasa 'yan uwa abin da ya shiga hannunsu cikin alƙawuran da aka yi musu, a buga amsar a shafin farko.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas