Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a Kan Dokar Karuwanci

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Mu ma'aikatan lafiya ne da lauyoyi. Ba mun zo wanke karuwanci ba ne, ba mu kuma nemi ka sauya ra'ayinka a kansa ba. Damuwarmu wasu sassan doka ne da aka rubuta don hana sana'ar, amma a aikace suna miƙa mace ga wanda zai cuce ta, sannan su toshe mata bakin kai ƙara.

Mafi muni shi ne sashen da ke hukunta gidan karuwai. A Ingila, mace ɗaya a ɗakinta ba ta karya doka ba, amma da sun zama biyu a gida ɗaya, gidan ya haramta. Alhali dalilin haɗa gidan a fili yake: ɗaya za ta ji ihun 'yar'uwarta, ta ga fuskar wanda ya shiga, ta san lokacin da ya kamata ya fito, in ya wuce ta buga ƙofa. Doka ta bar musu zaɓi biyu, zaman kaɗaici ko kurkuku. A Ayilan, a 2019, an yanke wa wasu mata biyu 'yan ci-rani hukuncin ɗaurin wata tara saboda aiki a gida ɗaya. Kotun Ƙolin Kanada ta soke irin wannan sashe a 2013, tare da wanda ya hana ciniki a bainar jama'a da wanda ya hana cin abin da karuwa ta samo, domin na ƙarshen yana kama direba da mai gadin da ta ɗauka don tsaronta, ba kawali kaɗai ba.

Wadda ke tsayawa a titi kuwa, kariyarta duka 'yan mintoci ne kafin ta shiga mota. A cikinsu za ta duba ko mutumin ya sha, ko akwai wani ɓoye a kujerar baya, ta tura wa ƙawarta lambar motar, su daidaita kan kuɗi da kwaroron roba. Idan 'yan sanda na sintiri, mutumin ba zai tsaya ba, sai ta shiga tukuna a yi maganar a hanya, inda ƙofa ke hannunsa. Hukunta mai saye kaɗai, kamar yadda Suwidin ta fara a 1999 Faransa ta bi a 2016, bai cire wannan gaggawa ba, don mai tsoron kamu ba ya ba da suna ko lambar waya, kuma shi ke zaɓar lungun da za a haɗu.

Batun kwaroron roba shi ya fi taɓa mu ma'aikatan lafiya. Duk inda ɗan sanda ke ɗaukarsa a matsayin shaidar laifi, mata sun daina yawo da shi, ko su ɗauki ɗaya maimakon goma. Sannan wadda aka yi wa fyaɗe tana da awa 72 kacal ta fara shan maganin da ke kare ta daga kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, wanda ake sha kwana 28. Mace mai tsoron a tambaye ta me ya kai ta wurin, ta kan kwana uku a ɗaki tana kuka, ta zo ranar huɗu. Wanda ya yi mata ya san ba za ta kai ƙara ba, shi ya sa ya zaɓe ta.

Daga nan kaɗaicin ke yaɗuwa. A Norwe 'yan sanda sun yi ta matsa wa masu gidajen haya su kori matan, in ba haka ba a tuhume su da kawalci. Mace tana ɓoye wa likita sana'arta, tana ɓoye wa dangi, tana tsoron a raba ta da 'ya'yanta. Ranar da ta so bari kuma, tarihin ɗauri ya tare mata aikin da za ta koma.

Niyu Zilan ta cire hukunci kan karuwanci a 2003, ba ta kuma saki al'amarin sakaka ba. Tilasta wa mutum laifi ne, shigar da wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne, mace na da ikon ƙin kowane namiji ko da ya biya, kuma mata har huɗu za su iya haɗa gida ba tare da lasisi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar cire hukunci tun 2012.

Ko ba za a kai nan ba, ranka ya daɗe, akwai gyaran da ke hannunka. A hana amfani da kwaroron roba a matsayin shaida, a kuma hana kama wadda ta zo kai ƙarar fyaɗe, duka ko fashi da laifin karuwanci. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta sa duka biyun a doka ɗaya a 2019. A fitar da mata biyu ko uku da ke zaune tare don tsaro daga ma'anar gidan karuwai, matuƙar babu mai juya su. A buɗe hanyar goge tsohon hukunci ga wadda ta nema. Muna roƙon ka kai waɗannan gaban majalisa a zamanta mai zuwa, ka kuma saurari matan da kansu, a ɓoye sunayensu, kafin a rubuta daftarin.

Mun gode. Allah Ya taimake ka.