A Duba Mana Takardun Filaye Da Ke Zaurukan Dagatai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni dama in yi magana kan rigingimun filaye da gonaki da suka addabi garuruwan da ke kewaye da birnin Kano. Na daɗe ina riƙe da alƙalami a zauren dagacin garinmu. Ni nake rubuta takardar ciniki idan an sayar da gona, ni kuma ake tasawa gaba idan za a je duba iyaka. Yanzu ido ya yi rauni na miƙa wa yara aikin, amma har gobe idan rigima ta tashi sai an aiko a tambaye ni ko na tuna yadda aka yi. Abin da ke damuna ke nan, a ce dukiyar miliyoyin naira ta rataya a kan abin da tsoho ya tuna.

Gonakin da muka noma gero da gyaɗa a cikinsu sun zama fulotai. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka ƙafa hamsin-hamsin, a bar ɗan lungun da ko motar ɗaukar mara lafiya ba za ta shiga ba, a sayar. Shi ne awon igiya, kuma mafi yawan talakawan da suka mallaki muhalli a gefen gari ta nan suka samu, domin awon gwamnati ya fi ƙarfin aljihunsu. Abin da mai saye yake tafiya da shi gida bai wuce falle ɗaya ba: "Ni wane na sayar wa wane filina da ke wuri kaza a kan kuɗi kaza." Sai sa hannun shaidu biyu da hatimin mai unguwa. Idan an yi ƙoƙari a ƙara da cewa gabas ya yi iyaka da Malam wane, yamma da Alhaji wane. Bayan shekara ashirin Malam wane ya rasu, Alhaji wane ya sayar ya koma Zariya, dillali ya karɓi la'adarsa tuntuni ya manta da ciniki, takardar kuwa gara ta ci gefenta a ƙasan akwati.

Mutane da yawa ba su san cewa tun 1978, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana ba. Abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani. A cikin birni gwamna ke bayar da shi, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana bayar da na gargajiya. Dokar ta ce wanda gwamna ya ba fili ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ko a nan Arewa abin ba baƙo ba ne, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ma haka ta ɗora ƙasa a hannun hukuma. Amma doka tana Kaduna da Legas a wancan lokaci, ciniki yana zauren dagaci, har yau kuma ba su haɗu sosai ba.

Ga wanda zai sayi fili mai takardar gwamna, hanya a buɗe take. Ya karɓi lambar fayil daga hannun mai sayarwa, ya je hukumar filaye, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, ya biya kuɗin bincike ya karɓi rasit, a duba masa sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta soke shi, ko akwai ƙara a kansa. Kuɗin binciken nan ko kusa bai kai la'adar da ake ba dillali ana murmushi ba, amma sai ka ga mutum ya ƙi, wai mai sayarwa sahu ɗaya suke sallah. Duk mai sayarwar da ya ɓata rai don an ce za a je bincike, to ya riga ya ba ka amsa. Sai dai a sani, ita ma takardar gwamna ba ta wanke fili. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukuncin cewa idan wani ya tabbatar da haƙƙinsa ya riga naka, takardarka ba za ta cece ka ba. Shi ya sa ko an gama da ofis sai an taka ƙafa an je wurin, an tambayi maƙwabta.

Wanda ba shi da fayil a ko'ina shi ne abin tausayi, kuma shi ne mafi yawa. Wata baiwar Allah mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta tara kuɗin adashi ta sayi fuloti a hannun wani saurayi da ya ce rabonsa ne na gado. Ashe ba a raba gadon ba. Ranar da ta sauke bulo, sai ga yayarsa da mijinta sun zo da takardar kotu. Ta zauna a kan bulon nan, ta kwance bakin zaninta ta fito da takardar cinikin a naɗe cikin leda, tana miƙa wa duk wanda ya tsaya ya karanta. Takardar ba ta jabu ba ce, hatimi na gaske ne, shaidu suna raye. Abin da babu shi ne tambaya ɗaya da ba wanda ya yi: ina takardar rabon gado? Duk filin da aka ce na gado ne, kada a ba da ko sisi sai an ga hukuncin rabo daga alƙali, ko kuma duk magada, har matan da ke gidajen aurensu, sun sa hannu. Malamanmu na Malikiyya ma sun ba abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba haƙƙin shuf'a, wato ya biya mai saye kuɗinsa ya karɓe kason. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a mazhabarmu, ko da yake na sha jin masu tayar da jijiyar wuya suna cewa dole a fara yi musu tayi.

Rigimar iyaka kuwa sau da yawa ba ta wuce kunya biyu ko uku ba, ko tsawon hannu na katanga, ko indararon da ke zuba a tsakar gidan wani. Da can ana shata iyaka da jema ko gamba ko cini-da-zugu, wani ya dasa aduruku a kusurwa. Sai garmar shanu ta zo tana ɗan gutsura duk damina, kafin a farga kunya ta koma ta maƙwabci. Na ga 'ya'yan wa da ƙani sun yi shekaru suna zarya a kotu kan irin wannan, kowa ya sayar da raguna ya biya lauya, zumunci ya mutu, ko gaisuwar mutuwa ba sa yi wa juna. Da suka gaji aka dawo zaure. Da sassafe bayan an kwana ana ruwa muka fita da dagaci da liman da wani dattijo da ya yi wa kakansu ƙodago yana saurayi. Ya tsaya ya dubi kukar da ke arewa, ya yi taku, ya ce a haƙa nan. Ba a kai zurfin kamu biyu ba fartanya ta ci karo da tsohon kututturen aduruku, baƙi ƙirin, a cikin abin da ɗayansu yake rantsuwa gonarsa ce. Liman ya karanto musu hadisin da ke cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai ranar alƙiyama, da wanda ya la'anci mai canza alamar iyaka. Aka kafa dutse, aka rubuta, aka yi addu'a. Abin da aka kashe a ranar bai wuce kuɗin goro da buhun siminti ɗaya ba. Dattijon nan ya rasu a bazarar da ta biyo baya, da an ƙara jinkiri da babu mai nuna wurin.

Ba ina cewa a guji kotu ba. Akwai azzalumin da ba ya jin maganar kowa sai ta alƙali. Amma a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin filin da gwamna ya ba da takardarsa Babbar Kotu ce ke da hurumin shari'arsa, kuma mutum yana iya cin nasara a kotun ƙasa, a ɗaukaka ƙara a rushe komai saboda rashin hurumi, ya koma farko da aljihu wayam. Kafin a kai can akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, akwai sulhun da Hisba take yi, akwai kuma sashen sulhu da aka buɗe a ƙarƙashin Babbar Kotun Kano tun 2009, inda idan an daidaita alƙali zai sa hannu yarjejeniyar ta zama hukunci. Kuma mai haƙƙi ya daina cewa yana haƙuri alhali yana kallo ana gini a filinsa. A fiƙihunmu akwai hauzi: idan bare ya shekara 10 yana riƙe da wuri, yana gini yana rushewa, kai kana gari kana gani ba ka ce uffan ba kuma babu abin da ya hana ka, to da wuya a saurari da'awarka. Wanda ya ba da aron gona ko jingina ya rubuta, don kada jikoki su wayi gari a ce musu saye ne.

Ina kuma jan kunnen samarin da ke zuwa da waya suna cewa za su fitar da iyaka da taswirar Google. Hoton sama na shekarun baya yana da amfani, yakan nuna inda tsohon shinge yake. Amma wayar hannu tana iya kuskuren mita uku zuwa biyar, fulotin ƙafa hamsin kuwa faɗinsa mita 15 ne da ɗan kai. Gara maƙwabta biyu, ko layi guda gaba ɗaya, su haɗa kuɗi su ɗauko safiyo mai rajista ya auna musu a rana ɗaya, ya kafa duwatsu masu lamba, kowa ya sa hannu a gaban ɗan'uwansa. Idan kowa ya ɗauko nasa safiyon a ɓoye, an sayi rigima ne da kuɗi biyu.

Kirana na gaske ga gwamnatin jiha ne da majalisar dokoki da masarautu. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar tun 1993 suka kafa dokar karkara, suka kuma yi kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, inda maigari yake shugabanta tare da wakilan manoma da makiyaya da mata, suna ba da takardar shaidar saye da kyauta da aro da jingina, ana ajiye kwafi. Ba na cewa rigima ta ƙare a can, amma ciniki yana barin sawu. Mu a nan littafin ciniki, inda ma akwai shi, littafin makaranta ne da magatakarda ya saya da kuɗinsa. Idan dagaci ya rasu ko aka sauke shi, sau da yawa littafin yana bin kayan gado ya ɓace.

A buga wa kowane dagaci rajista mai lambar shafi da fom iri ɗaya da Hausa, boko da ajami, mai gurbin tsawo da faɗi, da gurbin sa hannun maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, da gurbin da za a rubuta yadda mai sayarwa ya samu filin. Kwafi ɗaya ga mai saye, ɗaya a zaure, ɗaya a kai ƙaramar hukuma duk ƙarshen wata a ɗauki hotonsa a sa a kwamfuta. A yanka kuɗin rajista kaɗan, a liƙa shi a ƙofar zaure kowa ya gani, don kada wani ya mai da hatimi hanyar cin abinci. Duk mai son sayen fili ya sami damar duba rajistar kafin ya biya. Na san za a ce wasu masu unguwanni da su ake haɗa baki a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Gaskiya ne akwai su, kuma rashin kwafi a wani wuri ne yake rufa musu asiri.

Sannan a gaggauta tura matasa su zauna da dattawan da suka rage, su bi gonakin da ba a riga an yanka ba a rubuta iyakokinsu tun masu sani suna iya takawa zuwa gona. A garinmu waɗanda suka san inda tsofaffin burtalai da iyakokin gandu suke ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukkanmu da sanda muke tafiya.

Na gode da damar da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon magatakardan dagaci,
daga wani gari a gefen Kano.