Wasiƙa ga Malam Habu: Idan Za Ka Leƙa Hannibal

Assalamu alaikum, Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso. Ka ce taron da za ka halarta a St. Louis zai bar maka yini guda babu aiki, kana tambaya ina ya kamata ka nufa. Shawarata ita ce Hannibal, wani ɗan gari a jihar Misuri ta Amurka, a bakin kogin Misisipi, mai mutane kimanin 17,000.

Ka ɗauki hayar mota, domin jirgin ƙasa na fasinja ba ya tsayawa a garin. Tasha mafi kusa tana Quincy, a tsallaken kogi cikin jihar Illinois. Daga St. Louis hanyoyi biyu ne. Hanya mai lamba 61 ta fi sauri, kusan awa biyu. Mai lamba 79 ita ce ke bin gefen kogi, ta fi kyan gani amma ta fi cin lokaci, kuma idan ruwa ya cika akan rufe wasu sassanta. Ka tafi ta 61 da sassafe, ka dawo ta 79 in da sauran rana.

Garin dai da sunan mutum ɗaya yake cin abinci. Marubuci Samuel Clemens, wanda duniya ta sani da Mark Twain, an kawo shi nan a 1839 yana ɗan shekara huɗu, ya bar garin a 1853. A kan waɗannan tituna ya gina labarin Tom Sawyer da na Huckleberry Finn. Har ma sunan da ya laƙaba wa kansa daga bakin matuƙan jirgin ruwa ya ɗauko shi: kiran da mai auna zurfi ke yi ne idan igiyarsa ta nuna ƙafa 12, wato jirgi zai wuce bai dafa ƙasa ba. Gidan da ya tashi a ciki yana kan titin Hill, tun 1912 aka buɗe shi ga baƙi. Tikiti ɗaya ne zai shigar da kai gidan, da ofishin alƙalancin mahaifinsa, da sauran gine-ginen da ke kewaye, da kuma gidan tarihi da ke titin Main inda aka ajiye zane 15 na Norman Rockwell. Kada ka yar da tikitin bayan ƙofar farko. Awa biyu ta isa.

Daga nan ka taka zuwa wani ɗan ginin dutse da ake kira Jim's Journey, wanda aka buɗe a 2013. Jim shi ne bawan da ya gudu a labarin Huckleberry Finn. Misuri jihar bauta ce a zamanin Twain, gidansu ma sun riƙe bayi, amma shekara da shekaru garin na tallar farin shingen da aka yi wa fenti a labarin Tom Sawyer da yara masu ƙiriniya, ya yi gum da wannan ɓangare. Wurin ɗan ƙarami ne, yawancin baƙi sukan wuce shi, alhali nan ne za ka ga tarihin baƙar fatar garin. Ka duba ranakun buɗewarsa tukuna.

Abin da na fi so ka tsaya ka kalla da kyau shi ne ganuwar da ta raba tsakiyar gari da kogi. Tudun ƙasa ne da kankare, kamar badala, da ƙofofi a inda tituna ke gangarawa bakin ruwa. An gama ta a 1993, kuma ba a yi wata nawa ba babbar ambaliya ta zo: a watan Yuli na shekarar ma'aunin kogin ya kai ƙafa 31.8, abin da ba a taɓa gani ba. Da an yi jinkirin shekara guda, da titin Main ya sha ruwa. Yadda take aiki kuwa, kullum ƙofofin a buɗe suke, mota da mutane na wucewa. Da zarar hasashe ya nuna kogi zai hau, sai ma'aikata su zo da injin ɗaga kaya su zura manyan ƙyamare cikin gurbinsu, su toshe duk wata kafa. To a nan wata matsalar ke ɓullowa: ruwan saman da ya zuba cikin gari ba shi da mafita, dole sai an tura shi waje da famfo. Kuma ganuwar tsakiyar gari kaɗai ta kare. Unguwannin kudu da ke gefen rafin Bear Creek sun nutse a 1993, saboda idan babban kogi ya cika yakan tura ruwan rafin baya ya malala cikin gidaje. Daga baya hukuma ta saye da yawa daga gidajen ta rushe, shi ya sa za ka ga filaye kore fetal a wajen. A 2019, shekarar da garin ya cika 200 da kafuwa, ruwan ya sake haura ƙafa 30, ganuwar ta sake riƙewa.

Wannan ya shafi tafiyarka kai tsaye. Kogin yakan hau ne tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin da ƙanƙarar Minnesota da Wisconsin ta narke ta haɗu da ruwan sama. In an saka ƙyamare, bakin kogi a rufe yake, yawon awa ɗaya da ake yi a jirgin ruwa kuma na iya canja wurin tashi ko a fasa shi. Da sanyi jirgin ba ya fita sam. Farkon Yuli akwai bikin Tom Sawyer, da gasar fentin shinge da ta tsallen kwaɗi, sai dai ga cunkoso ga zafi mai gumi. Satumba ko Oktoba ta fi.

Kogon Mark Twain yana kudu da gari, 'yan mintuna a mota. Ja-gora ne ke shiga da mutane rukuni-rukuni, kusan awa ɗaya. Ka riƙe rigar sanyi ko da waje na ƙuna, don ciki bai wuce digiri 11 ba, rani da damina. Ƙasan a shimfiɗe yake, amma lungunan matsattsu ne. Bangon cike yake da sunayen mutanen da, kuma sai a 2019 aka gano inda Clemens ya rubuta nasa.

In gwiwa ta yarda, ka hau tudun Cardiff. A gindinsa akwai mutum-mutumin Tom da Huck na 1926, daga nan matakala 244 zuwa hasumiyar fitila, irin mai haska wa jiragen ruwa hanya, da aka fara ginawa a 1935. Ba ta taɓa yi wa jirgi jagora ba, ta tunawa ce kawai, amma daga can za ka hango kogin da gadar da aka buɗe a 2000. In gwiwa ba ta yarda ba, mota na hawa har saman wani dutse da ake kira Lover's Leap, kallon can ma bai gaza ba.

Batun abinci, naman alade ya yi yawa a yankin, har cikin wake da miya akan jefa shi. Ka nemi soyayyar tarwaɗa, ka kuma tambaya ko da man gyaɗa ko na waken suya aka soya. Ka sa sallayarka a mota, akwai wuri mai natsuwa a lambun Riverview.

Ka aiko mini da ranar saukarka da zarar biza ta fito, in duba maka yadda kogin yake a satin. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sani