Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Kwatocin Unguwa da Asusun Damina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai da dattawa, iyayenmu mata, da 'yan'uwa membobin ƙungiya na nan Kasala a gabashin Sudan da waɗanda ke zaune a Jidda da Makka, ga bayanin abin da kwamitinku ya yi da amanar da kuka ɗora masa a wannan shekara.

Ayyukan da muka saba ba su tsaya ba. An yi gudummawar jana'iza, an duba marasa lafiya, an raba buɗa-baki a watan azumi. Lissafinsu dalla-dalla yana hannun ma'aji, zai karanta shi a taro. Abin da ya ci mafi yawan kuɗinmu da ƙarfinmu shi ne yashe magudanan ruwa, don haka a kansa zan tsaya.

Kowa ya san halin kogin Gash. Daga duwatsun Eritiriya yake gangarowa, yawanci tsakanin Yuli da Satumba, ɗauke da laka da yashi. Kowace shekara sai ya bar wani abu a gindinsa, ƙasan kogin na ƙara tudu, jinga ce kawai ke tsakaninmu da shi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 ba sa buƙatar a tuna musu. Amma jinga aikin gwamnati ne, ta fi ƙarfin aljihunmu. Namu shi ne ruwan da ke sauka daga sama ya rasa hanyar fita daga unguwa, ya kwanta a gindin katangar laka har ta jiƙa ta zauna.

Mun fara gayya bayan ƙaramar Sallah, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Mun sayi shebur da diga da baro, matasa suka fito kowace Juma'a da asuba kafin rana ta yi zafi. Kwalbatin da ke bayan masallaci shi ya fi ba mu wahala. Da aka ɗaga murfinsa, yashi da ledoji sun haɗe sun daskare kamar an zuba siminti, diga tana tartsatsi. A can ciki aka zaro tsohuwar katifa da rabin tayar raksha, wato keke mai ƙafa uku. Wani yaro siriri ne ya shiga da rarrafe, an ɗaura masa igiya a ƙugu, yana turo ƙasa da kwanon sha. Ya fito lafiya, amma da na ga fuskarsa na yi nadamar barinsa ya shiga. Kwamiti ya yanke cewa ba za a ƙara sa yaro cikin kwalbati ba, za a ƙera dogayen ƙarafa masu ƙugiya a wurin maƙeri.

A nan muka yi kuskurenmu na farko. Mun tara ƙasar da muka haƙo a bakin kwata, muna jiran kuɗin hayar motar da za ta kwashe. Kuɗin bai taru ba. Mun ba wani mai mota kafin alƙalami, ya zo sau ɗaya, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ruwan farko da ya sauka ya mayar da rabin ƙasar inda muka ciro ta. Aikin Juma'a uku ya tafi a dare ɗaya.

Daminar bana kuma ta same mu da baƙi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane ke shigowa Kasala, abin ya ƙaru bayan faɗuwar garin Wad Madani a Disambar 2023, sannan Sinja a tsakiyar wannan shekara. Gidan da ya saba da mutum takwas ya koma ɗaukar iyali uku, masai ɗaya ne, ya cika kafin lokacinsa. Idan kwata ta toshe, ruwan titi ya shiga masai, ya fito da abin da ke ciki, ya bi lungu har inda masu karo, wato masu sayar da ruwa a amalanken jaki, ke tsayawa da gangunansu. Ruwan shan garin nan kuwa daga rijiyoyin da Gash ke shayarwa yake fitowa. A watan Agusta ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara a ƙasar, jihar Kasala na cikin wuraren da ta fara. A lokacin ne muka karkatar da ragowar kuɗin asusu zuwa sayen kulorin da sabulu da ƙunshin gishiri da sukari. Iyayenmu mata ne suka bi gida gida suna nuna yadda ake zuba kulorin a randa da jarka. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Yanzu ga maganar da nake so mu yi wa juna gaskiya a kanta. A makon da katangu suka fara faɗuwa, kuɗi ya shigo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, fiye da duk abin da muka tara daga Janairu zuwa Yuni. 'Yan'uwanmu na Jidda sun yi ƙoƙari matuƙa, su da suka ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta kashe mutane fiye da ɗari a garinsu. Muna godiya. Sai dai kuɗin da ya zo a Agusta buhun yashi da tamfol ya saya, a farashin damina, kuma fam, kuɗin ƙasar, yana ƙara faɗuwa kullum. Da rabinsa ya zo a Mayu, da motar kwashe ƙasa ya biya. Mu mutane ne masu hannu a buɗe idan an ce wane ya shiga uku, amma idan mai karɓar kuɗin wata ya ƙwanƙwasa ƙofa rana na tsakiya, sama ba ko gajimare, sai a ce masa ya dawo gobe. Ni ma na taɓa faɗa masa haka, ban cire kaina ba.

Akwai kuma waɗanda suka zuba kankare a kan kwata a ƙofar gidansu domin shigar da raksha ko mota. Dattawa sun je sun yi magana cikin mutunci. Wasu sun fasa sun sa ƙarfe mai ramuka, wasu har yau ba su taɓa ba. Ba za mu kira suna a takarda ba, amma ruwa ya nuna gidajen da kansa, domin daga nan yake juyawa ya shiga gidan maƙwabci.

Saboda haka kwamiti na kawo shawara uku gaban taro. A ware asusun damina daban da asusun jana'iza, kada a taɓa shi don wani abu. A kammala tara kuɗinsa kafin azumi, tunda azumin 2025 zai kama farkon Maris, kuma bayansa aljihu a bushe yake. Sannan kada a sake haƙa ko taku ɗaya sai an riƙe kuɗin kwashe ƙasa a hannu, kuma biya sai bayan aiki. Mun kuma rubuta takardar neman a ba mu aron motar yasa idan hukuma ta fara buɗe manyan magudanai, mu mu sayi mai. Za a kai ta da zarar taro ya amince.

Game da canjin takardun fam 500 da 1000 da aka fara a Disamba, ma'aji ya shigar da duk tsabar kuɗin ƙungiya banki, takardar shaida tana nan ga mai son gani. Shebur huɗu da baro ɗaya ba su dawo ɗakin ajiya ba tun gayyar ƙarshe. Wanda suke wurinsa ya taho da su ranar taro, bayan sallar La'asar.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamiti